Kafin mu yi murnar zuwan kamfani ko tafiyarsa, a tambaya ina yake yin bincikensa

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira.

Ina rubuto maka ne daga Damagaram akan maganar nan ta manyan kamfanonin ƙetare da ta cika mana kunne ƴan shekarun nan, wannan ya shigo wancan ya tattara nasa ya nasa ya tafi, an karɓe izinin wane an sallami shugaban wane. Na lura duk sanda jaridarku ta kawo labarin abu biyu ake tsayawa akai, miliyar nawa suka zuba da kuma mutum nawa suka ɗauka aiki, haka ma a fada in ana shan shayi hirar kenan. Ni kam inaga akwai tambaya ta uku da ta fi waɗannan nauyi kuma ba mai yinta: me kamfanin ya sani wanda wani bai sani ba, nawa yake kashewa wajen bincike, kuma a wace ƙasa ɗakin binciken yake? Don riba a wannan zamanin sani take bi, kamfani ko ya buɗe reshe a ƙasa hamsin in ba shi da wani abu nasa na kansa da ya gano wallahi ɗawainiya kawai yake ƙara ma kansa.

Ba ni na fara faɗin haka ba, masana tattalin arziki sun daɗe suna auna abun. A 1991 wasu malamai biyu, Morck da Yeung, sun duba kamfanonin Amurka suka ga yawan rassa a ƙasashen waje shi kaɗai baya ɗaga darajar kamfani, sai in kamfanin yana kashe kuɗi a bincike ko a tallan da ya gina masa suna. A 2004 kuma Lu da Beamish suka bi kamfanonin Japan 1,489 na tsawon shekara 12, suka ga tafiyar hawa uku ce, da farkon fita waje riba faɗuwa take don kamfani baƙo ne bai san doka ba bai san mutane ba, in ya jure sai ta fara hawa, in kuma ya zarce gona da iri ya bazu inda ba zai iya kula ba sai ta sake gangarowa, kuma masu fasahar kansu su suka fi cin moriyar fitar. Dalilin ba wani mai wuyar ganewa bane, bincike sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, in ka gano magani ko ka zana inji to ko a ƙasa ɗaya ka sayar ko a ƙasa arba'in kuɗin ganowar bai ƙaru ba, sai dai ya rarrabu akan kaya masu yawa. Amma haya da albashi da lampo da kuɗin duwan da gazuwal na janareta, su kowace ƙasa ka shiga sabo kake biya. Mu jikokin fatake ai mun san wannan tun kafin a rubuta shi, lokacin da ayari ke tashi daga nan zuwa Kano ko ya keta sahara zuwa Tarabulus, baƙo sai ya biya fatoma ya biya dillali ya ciyar da raƙuma, in hajar da ya ɗauko irin wadda ke jibge a kasuwar garin ce to da asara zai koma gida.

Ka shiga kasuwar Dole wajen masu gyaran salula ka tsaya minti kaɗan a teburin yaro ɗaya, za ka ga batura a cikin gwangwanin madara, fuskokin waya a jere an ɗaure su da roba, ga ƙarfen walda yana hayaƙi ga ɗan burushin haƙori da yake goge ƙura da shi, ka duba sunan da ke jikin wayoyin da aka kawo masa gyara, Tecno, Itel, Infinix, sai jefi-jefi ka ga wata. Su ukun nan duk na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a Sin, an kafa shi a 2006 kuma wajen 2008 ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya zuwa Afirka lokacin da manya ke ganin mu ba kasuwa bane. Me suka bincika? Ba wani abun sama jannati ba fa. Sun lura mutum yana yawo da layi biyu ko uku saboda rezo ɗin wannan ya fi a ƙauye na wancan ya fi araha a gari, sai suka yi waya mai sim biyu har mai huɗu. Sun lura wuta bata zama, sai suka sa batir mai kwanaki. Sun lura kyamarar sauran wayoyi an saita ta ne da farar fata, in baƙin mutum ya ɗauki hoto da yamma sai haƙora da ido, sai suka tara hotunan baƙaƙen fata masu yawa suka gyara yadda kyamarar ke karanta fuska. Suka sa Hausa da Swahili da Amharik a ciki, suka buɗe masana'antar haɗawa a Habasha a 2011, suka kafa wuraren gyara na Carlcare. Yau sama da kashi 40 cikin 100 na manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasu ne, a 2019 suka shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai, sun kuma shiga Indiya da Pakistan da Bangaladesh da irin dabarar. Kuma abun da zai baka mamaki abun da suke kashewa a bincike bai kai kashi 5 cikin 100 na cinikinsu ba.

Na kawo wannan adadin da gangan don kar wani ya ce to shikenan a zuba kuɗi a bincike riba zata zo. A'a. Nokia da muka taso da ita, mai tocila, wadda ƙirar 1100 kaɗai an sayar da sama da miliyan 200, a 2007 kusan kashi 40 cikin 100 na wayoyin duniya nata ne kuma kuɗin da take kashewa a bincike ya ninka na Apple sau da yawa, amma a shekarar iPhone ta fito, Android ta biyo baya, su kuma suka liƙe ma tsohon tsarinsu na Symbian, injiniyoyi na gano abu shugabanni na jan ƙafa, kafin ka ce kwabo an sayar ma Microsoft sashen wayar a 2014 akan Yuro miliyar 5 da ɗoriya. Huawei kuma a 2022 ta kashe yuwan miliyar 161.5 a bincike, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinta kenan, kuma shi ya riƙe ta da Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a 2019 ta rasa manhajojin Google, ta sha wuya kam cinikin wayarta a waje ya zube amma bata mutu ba don tana da abun komawa. To ka gani, yawan kuɗin daban, inda aka dosa da shi daban.

Ɓangaren faɗaɗawa kuwa misalinsa yana aljihun kowa. Layin da muka sani da Celtel na Mo Ibrahim, a 2005 kamfanin MTC na Kuwaiti ya saye shi akan dalar Amurka miliyar 3.4, aka koma Zain, a 2010 Bharti Airtel na Indiya ya saye rassan ƙasashe 15 akan dalar Amurka miliyar 10.7, aka sake fenti daga wancan launi zuwa ja. Sun zo da dabarar da ta yi musu aiki a gida wato karya farashin kira a samu jama'a da yawa, sai suka tarar nan ba Indiya bace, can eriya ɗaya tana ɗaukar dubban mutane a cunkushe, nan kuwa ka kafa eriya tsakanin Tanut da Agadas mutum nawa zata ɗauka, ga janareta dare da rana ga mai gadi ga hanya ba kyau, ga kowace ƙasa da dokarta da kuɗinta. Shekaru suka yi suna zuba kuɗi kafin sashen Afirka ya fara kawo riba, har sai da suka sayar da wasu rassan suka rage. Sun jure sun haye, amma da naira ta faɗi a 2023 sai da lissafinsu na shekara ya nuna asara duk da mutane basu daina kira ba. Orange kuwa da ta shigo Nijar a 2008 bata jure ba, bayan rikicin haraji na 2018 ta sayar a 2019 aka koma Zamani. A maƙwabta ma haka, Tiger Brands na Afirka ta Kudu ya sayi kaso mafi tsoka na kamfanin fulawar Dangote a 2012 da kuɗi masu yawa, bayan shekara uku ya mayar masa akan dalar Amurka ɗaya tak saboda asara, don niƙa alkama kowa ya iya, ba wani sani da suka zo da shi da ƴan gida basu da shi. Shoprite ma ta sayar da shagunanta na Najeriya a 2021.

Yanzu bari in zo kan abun da ya sa na ɗauki alƙalami, don duk waɗancan na kawo su ne a gane inda na dosa.

Duk wanda ya taɓa raka mace asibitin yara masu tamowa ya san ƴar jakar nan mai ja da fari, Plumpy'Nut, wadda uwa ke yaga bakinta da haƙori ta matsa ma yaro a baki yana tsotsa yana lashe yatsa. Giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500. Me ke ciki? Tunkuzar gyaɗa, garin madara, sukari, mai, sai sinadaran bitamin. Gyaɗa fa Malam Edita, gyaɗar da aka yi dalarta a Matamaye da Magarya zamanin kamfanonin Faransa su CFAO da SCOA har zuwa kamfanin gyaɗa na ƙasa SONARA, gyaɗar da iyayenmu mata ke soyawa su niƙa su matse su fidda mai su yi ƙuli-ƙuli tun kafin a haife mu. Amma wanda ya zauna ya auna ya gano yadda za a haɗa ta ba ruwa a ciki don kar ƙwayar cuta ta rayu, ta shekara biyu ba firji bata lalace ba, uwa ta ba yaro a gida ba sai an kwantar da shi ba, wani likitan Faransa ne André Briend tare da kamfanin Nutriset na yankin Normandi a 1996, suka yi rajistar fasahar da sunansu. Da yunwar 2005 ta zo a nan Nijar, musamman Maraɗi, aka gwada ta akan dubban yara duniya ta ga tana aiki, daga nan kasuwarta ta buɗe. Ni ban ce sun yi laifi ba, Allah ya sani abun nan ya ceci rayukan ƴaƴanmu ba adadi kuma ina gode musu. Abun da nake so a gani shine yadda ƙaramin kamfani ya zama na duniya ba tare da ya gina reshe a kowace ƙasa ba, sani ya riƙe a hannunsa ya ba ƴan ƙasa izinin haɗawa, kaman STA ta Yamai da ta fara yi tun 2005. Gyaɗa tamu, yara namu, gwajin a ƙasarmu, amma da sunan ƴan can aka rubuta takardar mallakar fasahar. Kuma har yau abun da ke hana gyaɗarmu shiga irin wannan kasuwa da yawa shine gubar nan ta aflatoksin da ke kama ta in ba a shanya da kyau ba ko an ajiye ta a danshi, matsala ce da ɗakin gwaji mai kyau da ƴan malaman gona za su iya ragewa sosai, to wa zai biya kuɗin?

Haka zancen yake a uraniyom. SOMAIR ta fara haƙa a Arlit tun 1971, COMINAK ta rufe a 2021, a 2024 gwamnati ta karɓe izinin Imuraren daga kamfanin Orano na Faransa, a 2025 ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Mutane da yawa sun ji daɗi kuma na fahimce su, shekara hamsin ana ɗiba garuruwanmu na cikin duhu ba abun da za a kare bane. Sai dai garin uraniyom rawaya da ake lodawa a durom ba shi ake zubawa a tashar lantarki ba, sai an kai shi masana'antu irin na Malvési a Faransa an sauya shi, an kai irin na Tricastin an tace, an yi sandunan makamashi, kuma a waɗannan matakan kuɗin yake, ƙasashen da suka iya tacewar ma a yatsa ake ƙirga su. Mun karɓi rami, alhamdulillahi, amma sanin da ke mayar da ƙasar ramin kuɗi mai kauri bai taɓa zama a Arlit ba balle a karɓe shi.

Ga kuma matatar mai ta SORAZ a bakin ƙofarmu kan hanyar Tanut, an buɗe ta a Nuwamba 2011, ganga 20,000 a rana, kamfanin man Sin CNPC na da kashi 60 Nijar na da 40, sannan ga bututun kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a Benin da ya fara aiki a 2024. Me ya sa kamfanin Sin ya iya abun da wasu suka duba suka bari? Kamfanonin Turawa sun yi shekaru suna neman mai a Agadem sun ma gano shi, suka ga nisa da tsada suka haƙura. CNPC ta zo a 2008 da injin haƙarta, da kamfaninta na auna ƙarƙashin ƙasa, da injiniyoyinta da cibiyoyin bincikenta a gida, komi nata ne bata haya, shi ya sa lissafin ya fita mata. A Maris 2025 an sallami shugabannin kamfanonin man guda uku ƴan Sin akan bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa, kuma maganar albashi gaskiya ce a gyara. Amma ni abun da ya fi damuna, yau shekara goma sha wani abu da buɗe matatar, in wani babban inji ya tsaya ko ana son canza yadda ake tace wani kaya, ƴan ƙasa nawa ne za su iya zana gyaran da kansu ba sai an jira jirgi ya sauko da wani ba? Akwai yaranmu haziƙai a ciki na sani, suna tuƙa injinan da kyau, amma tuƙa inji daban ƙera shi ko inganta shi daban, kuma kayan aro baya rufe katara.

Wani zai ce ai kamfani ba zai taɓa yarda ya kawo ɗakin bincikensa nan ba don shine jarinsa. Da gaskiya a ciki, yawancinsu a gida suke ɓoye zuciyar abun. Amma ba duka ba, Nestlé mai Maggi ta buɗe cibiyar bincike a Abijan a 2009 tana aiki akan hatsi da rogo da koko, ba don tausayi ba sai don ta ga ba zata iya sayar ma mutane abinci daga Suwizalan ba tare da ta san tukunyarsu ba. Sin kanta da muke magana, shekaru ta yi tana gindaya ma kamfanonin motoci da jiragen ƙasa na Turai da Japan sharaɗin haɗin gwiwa da koyar da fasaha kafin su shiga kasuwarta. Mu kasuwarmu ƙarama ce ba zamu yi wannan ƙarfin ba, na yarda, amma mai da uraniyom da zinari a ƙasarmu suke ba a ɗauke su a kai wani wuri, wannan ma ƙarfi ne a teburin ciniki. Ana iya rubutawa a kwangila cewa wani kaso na ciniki zai tafi ɗakin gwaji a Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram da makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, cewa samfurin dutse da na ɗanyen mai a nan za a fara auna shi, cewa duk injiniyan da aka kawo daga waje da ɗan ƙasa a gefensa da wa'adin da zai miƙa masa aikin, kuma a riƙa bugawa kowace shekara mu gani.

Mu ma da namu laifin a matsayin ƙasa. Tarayyar Afirka ta daɗe da sa burin kowace ƙasa ta kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinta a bincike, kusan duk ƙasashenmu basu kai ba, alhali Koriya ta Kudu tana wajen kashi 5. Cibiyoyin binciken noma irin INRAN da ICRISAT ta Sadore na nan suna fidda irin hatsi da gyaɗa mai jure fari, amma tsakanin su da ɗan kasuwa akwai rata mai faɗi. Attajiranmu Allah ya sa musu albarka sun iya faɗaɗawa, za ka ga Alhaji da shago a Damagaram da Kano da Kwatano har Dubai da Guwanzu, ga kamiyo goma, amma duk saye da sayarwa ne, ranar da aka rufe iyaka kaman yadda muka gani a 2019 da 2023 ko naira ta yi tsalle sai komi ya tsaya cak don ba wani abu nasa da duniya zata nemo shi dominsa. SOTRAMIL da aka gina a garin nan don sarrafa hatsi ina take yau? Ga Sahara Sahel Foods nan cikin gari ƴan ƙalilan ne amma sun zauna sun yi aiki akan yadda ake cire ɗacin hanza a yi abinci da ita, suna matse man aduwa suna sarrafa magarya, abun da muke takawa a daji. Irin wannan ne in ya samu jari da ɗakin gwaji zai iya ƙetare iyaka da ƙafarsa, don ba Dubai ba Guwanzu ba mai aduwa.

Roƙona gareka Malam Edita, dan Allah duk ranar da za ku sake zantawa da wani minista ko darakta akan sabuwar yarjejeniya, ko da Sinawa ne ko Turkawa ko Rashawa ko ma kamfanin ƙasa irin SONIDEP da SOPAMIN, bayan tambayar miliyoyi da guraben aiki wakilinku ya ƙara da waɗannan: nawa aka ware ma bincike a cikin kwangilar, a wane gari za a yi shi, sunan wa za a rubuta akan abun da aka gano, kuma ɗalibai nawa na jami'o'inmu za su shiga ɗakin gwajin da hannunsu ba ziyarar yini ɗaya ba. In sun amsa ku buga mana, in sun ƙi amsawa shi ma ku buga. Kuma in da hali ku turo wakili nan Damagaram ya zauna da malaman sashen kimiyya na jami'a ya tambaye su kayan aikin da suke da shi da wanda babu, su za su faɗa masa da bakinsu.

Na gode da filin da kuke bamu, a gaida ma'aikata.

Naku mai karatu a kullum,
daga unguwar Birni, Damagaram